Man Wolnot Ba Zai Tsare Zuciyar Mai Karɓar Kemo Ba

A ɗakin da ake yi wa masu ciwon daji ƙarin ruwan kemo akwai wani magani da ko wanda bai yi boko ba yana gane shi daga nesa, saboda launinsa. Ja ne wur kamar zoɓo. Ma'aikaciyar jinya takan sa safar hannu ta tura shi cikin jijiya a hankali, idonta a kan bakin allurar, domin in ya kuskure ya zuba a tsoka yana cin nama. Kwana ɗaya ko biyu fitsarin majinyaci yana fita ja, bayan mako biyu ko uku gashi ya fara zuba. Sunansa doksorubisin, wasu likitoci kuma su ce Adriamycin. Daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa cikin ƙasa a kudancin Italiya aka samo shi a ƙarshen shekarun 1960, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1974, kuma shekara hamsin ke nan yana cikin manyan makaman da ake yaƙar sankarar mama, da kansar ƙaluluwa, da kansar jini, da ta ƙashi, da ta ƙodar yara. Mutane masu yawan gaske suna raye yau a dalilinsa. Sai dai yana da wani aibi da aka gano tun farkon fara amfani da shi: yana taɓa zuciya. Wata mace za ta gama kemo lafiya, ƙari ya tafi, 'yan uwa su yi murna, bayan wata shida ta ga takalminta ya daina shiga ƙafa, hawa bene ya zama aiki, da dare kuma sai ta jera filo uku kafin numfashi ya bar ta ta yi barci.

Wannan tsoro ne ya buɗe ƙofa ga wata magana da ke yawo, cewa man wolnot yana kare zuciya daga ɓarnar kemo. Wolnot ita ce gyaɗar nan ta bishiya mai ɓawo mai tauri, wadda cikinta ke kama da ƙwaƙwalwa, Larabawa suna ce mata jauz, kuma Sin da Amurka da Iran da Chile da Turkiyya ne manyan masu noma ta. Ra'ayina a kan maganar shi ne: man wolnot abinci ne mai kyau, amma kiransa garkuwar zuciya ga mai karɓar kemo alkawari ne da hujja ba ta kai ba, kuma a wurin marar lafiyar da kuɗinsa a ƙirge suke, irin wannan alkawari yana iya cinye kuɗi da hankalin da ya kamata su tafi ga abin da aka tabbatar yana aiki. Ba na faɗin haka don raina abin da ya fito daga tsiro. Ina faɗa ne domin an taɓa bin wannan hanya daidai, da wasu sinadarai da suka fi man wolnot ƙarfin hujja a lokacinsu, kuma an san inda ta ɓulle.

Kafin a zo nan, ya kamata a san girman matsalar yadda take, ba tare da ragi ko ƙari ba. Ɓarnar doksorubisin taruwa take yi. Abin da likita ke lissafawa shi ne jimillar abin da ya shiga jikin mutum tun ranar farko, gwargwadon tsawonsa da nauyinsa, kuma wannan jimilla ba ta gogewa ko da shekara goma ta wuce. Wani nazari da Sandra Swain da abokan aikinta suka fitar a 2003, a kan majinyata 630, ya kiyasta cewa idan jimillar ta kai miligiram 400 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, kusan kashi 5 cikin 100 ne zuciyarsu ke gazawa. A miligiram 550 adadin ya kai kashi 26, a 700 kuma ya kusa rabi. Mace mai sankarar mama da aka yi wa zagaye huɗu na tsarin da aka saba takan tsaya a 240, mai kansar ƙaluluwa da aka yi wa zagaye shida yakan kai 300. Ke nan yawancin majinyata suna ƙasa da inda haɗarin ke yin tsalle, kuma mafi yawansu zuciyarsu ba ta samun matsalar da za su ji a jikinsu. Amma ba kowa ke shiga ɗakin kemo da zuciya iri ɗaya ba. Tsoho, da ƙaramin yaro, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da wanda aka gasa wa ƙirji da na'urar haske, duk ɗan kaɗan yana iya yi musu yawa. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne tsokar zuciya ba ta sabunta kanta kamar fata ko gashi. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2009 cewa a jikin matashi ma kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar ne ke sabuntuwa a shekara, kuma da tsufa adadin yana raguwa. Gashin da ya zuba zai fito. Tsokar zuciyar da ta mutu tabo take zama.

Dalilin da ya sa maganar man wolnot ke shiga kunne ba shirme ba ne, kuma adalci ne a faɗe shi da ƙarfinsa. Shekaru da yawa bayanin da masana suka fi riƙe wa shi ne cewa doksorubisin yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe da iskar da muke shaƙa a cikin ƙwayoyin zuciya, ya haifar da wasu 'yan ɓaraguzai masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, tana cike da ƙananan injinan da ke ƙona abinci su ba da ƙarfi, kuma kariyarta daga wannan tsatsa ba ta kai ta hanta ba. Man wolnot kuwa yana ɗauke da wani nau'in bitamin E mai hana tsatsa, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma nasa wani kitse ne na dangin omega-3 da ake dangantawa da rage kumburi. Idan cutar tsatsa ce, ga kuma mai da ke hana tsatsa, me ya rage? Da wannan tunani ne masu bincike a jami'o'i daban-daban suka yi ta ba ɓeraye mai da ruwan tsirrai iri-iri tare da magungunan kemo, kuma sau da yawa sakamakon ya yi kyau a takarda.

To amma a duba yadda ake yin irin wannan gwaji. Ana ɗaukar ɓeraye matasa, lafiyayyu, waɗanda yawanci ba su da ƙari ko ɗaya a jikinsu, a raba su gida-gida, shida ko takwas ko goma a kowane gida. A ɗura wa wasu man ta baki na wasu kwanaki, sannan a yi musu allurar maganin mai yawa, lokaci guda ko cikin 'yan makonni. Daga nan a yanka su, a auna sinadaran da ke nuna rauni a jininsu, a yanki tsokar zuciya a duba ta a madubin likita. Idan alamun tsatsa sun ragu a gidan da ya sha mai, sai a rubuta cewa man ya ba da kariya. Aiki ne na gaskiya, kuma da shi ilimi ke fara tafiya. Amma tambayoyin da suka dami macen da ke zaune a kujerar kemo ba ya amsa ko ɗaya. Ita ba matashiya ba ce mai ƙoshin lafiya, maganinta a rarrabe ake ba ta cikin watanni, ɓarnar da ake tsoro tana bayyana ne bayan watanni ko shekaru, kuma abin da take so ta sani shi ne ko za ta iya hawa bene shekara biyar nan gaba. Mafi girma duka, ɓeran da ba shi da kansa ba zai iya gaya mana ko abin da ya kare zuciyar ya kare ƙarin shi ma ba.

Ga inda tarihi ya shigo. A 1977 Charles Myers da abokan aikinsa a Cibiyar Kansa ta Ƙasa a Amurka suka wallafa a mujallar Science cewa bitamin E ya kare zuciyar ɓeraye daga doksorubisin. Manyan masana ne, a babbar cibiya, a ɗaya daga cikin mujallun da suka fi daraja, kuma fata ya yi yawa. Da aka gwada bitamin E a jikin mutane a farkon shekarun 1980, kariyar ba ta bayyana ba. Aka koma ga asetilsistin, wani ƙaƙƙarfan mai hana tsatsa wanda asibitoci ke ceton hantar wanda ya sha farasitamol ya wuce kima da shi. A dabbobi ya yi aiki, a gwajin da aka raba mutane gida biyu a 1983 bai hana raunin zuciya ba. Haka aka yi ta gwada wasu, har ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba duka a 2011: bitamin E da C, da asetilsistin, da kanitin, da ko'enzayim Q10, da sauransu. Wanda hujjarsa ta tsaya da ƙafarta guda ɗaya ne, wani magani mai suna deksrazoksan, wanda Amurka ta amince da shi tun 1995. Duk mai cewa man wolnot zai yi abin da tsantsar bitamin E ta kasa yi, a kansa nauyin kawo hujja yake, kuma hujjar da za ta gamsar ita ce ta mutane.

Daga baya ma an fahimci abin da ya sa waɗancan gwaje-gwaje suka faɗi. A 2012 ɗakin binciken Edward Yeh a cibiyar MD Anderson da ke Houston ya nuna cewa doksorubisin yana fara ɓarnarsa ne a can cikin ƙwayar halitta, inda yake maƙale wa wani sinadari da aikinsa shi ne kwance zaren gado idan ya nannaɗe. Idan ya maƙale masa sai zaren ya tsintsinke, injinan ƙarfin ƙwayar su lalace, sannan tsatsar ta biyo baya. Ɓerayen da aka cire wa wannan sinadari daga tsokar zuciya sun tsira daga ɓarnar. Deksrazoksan kuwa, wanda aka daɗe ana zaton kama ƙarfe kawai yake yi, ashe yana taɓa wannan sinadarin ne shi ma. Ma'ana, tsatsar tana nan, amma hayaƙi ce, wutar tana wani wuri. Wanda ya tsaya korar hayaƙi zai ga ɗaki ya ɗan yi haske, rufin kuwa yana ci gaba da ci. Sannan a tuna cewa kemo ba magani ɗaya ba ne. Trastuzumab, da ake ba wasu masu sankarar mama, yana raunana bugun zuciya ta wata hanya dabam wadda sau da yawa takan warware idan an dakatar da shi. Fulorourasil, da ake ba masu kansar hanji, yakan matse jijiyoyin da ke shayar da zuciyar ne. Kwalba ɗaya da za a ce tana maganin waɗannan duka, tun daga nan ya kamata mai hankali ya tsaya.

Za a ce ai an gwada wolnot a jikin mutane, an kuma ga amfaninta ga zuciya. Gaskiya ne. A gwajin PREDIMED na ƙasar Sifen, wanda ya ƙunshi mutum 7,447, waɗanda aka ba giram 30 na gaurayen 'ya'yan itatuwa masu ɓawo a kullum, rabinsu wolnot, sun samu raguwar kusan kashi 30 cikin 100 na manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma sakamakon bai canza sosai ba da aka sake lissafin a 2018 bayan an gano kurakurai a tsarin. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin fakitin wolnot cewa tana iya rage haɗarin ciwon zuciya, tare da sharaɗin cewa hujjar ba ta kammala ba. Amma wace cuta ake nufi? Toshewar jijiyoyin jini da kitse ke jawowa a hankali cikin shekaru ashirin ko talatin. Wannan dabam take da gubar da ke kashe tsokar zuciya kai tsaye cikin watanni. Suna tarayya a gaɓa ɗaya ta jiki, kamar yadda gyambo da karaya ke tarayya a ƙafa, amma ba mai ɗora gyambo. Ban da haka, ƙwayar wolnot aka ci a waɗancan gwaje-gwaje, da dusarta da furotin ɗinta da siririyar fatar nan mai ɗan ɗaci, wadda a cikinta mafi yawan sinadaran hana tsatsa suke. Idan aka matse mai, yawancinsu a tunkuza suke zama. Shi kansa omega-3 na tsiro, ɗan kaɗan ne jiki ke iya juyawa ya zama irin na kifi, kuma da aka gwada shi a Holan a kan mutum 4,837 da suka taɓa samun bugun zuciya, sakamakon 2010 bai nuna raguwa mai ƙwari ba.

Hujjar da na fi ji daga mutanen kirki ita ce: to ai abinci ne, in bai yi amfani ba, me zai ɓata? Idan ana nufin cokali ɗaya a kan kwaɗo ko a kan ganye, ni ma ban ga abin da zai ɓata ba, sai ga wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan 'ya'yan itace. Amma da zarar an kira abu magani, cinsa yana canzawa. Mutum zai sha shi safe da yamma, ya ƙara da ƙwayoyin bitamin, ya ninka a ranar kemo domin a ranar ce ya fi tsoro. A nan ne tambayar da ɓeran ya kasa amsawa take dawowa, domin wani ɓangare na yadda kemo da hasken gashi ke kashe ƙari ta wannan tsatsar ne. A 2020 an wallafa sakamakon bibiyar majinyata 1,134 masu sankarar mama a Amurka waɗanda aka ba kemo mai doksorubisin. Waɗanda suka sha ƙwayoyin hana tsatsa kafin kemo da lokacinsa, haɗarin dawowar cutar ya fi na sauran da kusan kashi 41 cikin 100. Bibiya ce, ba a raba su gida biyu da gangan ba, kuma lissafin yana bakin iyaka, don haka gargaɗi ne, bai kai hukunci ba. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. A Finlan an yi gwaji a kan maza 29,133 masu shan taba, aka ba rabinsu ƙwayoyin bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, da niyyar kare huhunsu, sai a 1994 aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Idan kuma maganar ɓeraye za a bi, a 2015 masu bincike a Holan sun nuna cewa wani kitse da ke cikin man kifi ya rage ƙarfin kemo a jikin ɓeraye, har suka shawarci majinyata su guji man kifi a kwanakin kemo. Ba a nuna man wolnot yana yin haka ba. Abin da waɗannan ke koyarwa shi ne cewa abin da ake ci lafiya a tuwo ba lallai ne a sha shi lafiya a matsayin magani ba, kuma garin neman gira ana iya rasa ido.

Akwai kuma masu cewa kamfanonin magani ne ke danne irin wannan bincike domin ba za su samu riba a man gyaɗar bishiya ba. Zargin kamfanonin magani da son riba ba ƙarya ba ne, amma a nan bai zauna ba. Manoman wolnot na Kalifoniya suna da hukumarsu mai kuɗi wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin bincike a kan wolnot, ita ce ma ta ba da wadda aka ci a gwajin Sifen. Kuma abubuwa masu araha ana gwada su. Atobastatin, maganin kitsen jini da ake samu a kusan kowane kyamis, an gwada shi da kuɗin gwamnatin Amurka a kan mutum 300 masu kansar ƙaluluwa, a 2023 aka ga raunin zuciya ya samu kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka sha, a gidan da ba su sha ba kuwa kashi 22. Wani gwajin da ya gabace shi da shekara ɗaya, wanda yawancin mutanensa masu sankarar mama ne, bai ga bambanci ba. Kabedilol, maganin hawan jini, an gwada shi a Barazil a kan mata 200, a 2018 bai hana raguwar ƙarfin bugun zuciya ba. Dubi yadda magungunan da aka san aikinsu ciki da waje suke shan wuya kafin a yarda da su, wani ya ci a nan ya faɗi a can. Su ma magungunan kansa da suka fito daga tsiro, binkiristin daga wani fure na Madagaska, da faklitaksel daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka, wannan siraɗi suka tsallake kafin a sa su a jijiyar kowa.

To me ke kare zuciyar? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga Milan, daga aikin Daniela Cardinale. Ta bi majinyata 2,625 da aka ba wannan dangin magani, tana ɗaukar hoton zuciyarsu a kai a kai. Kashi 9 cikin 100 ne ƙarfin bugun zuciyarsu ya ragu, kuma kashi 98 na waɗannan a cikin shekarar farko bayan kemo abin ya bayyana, da yawansu tun ba su ji komai a jikinsu ba. Da aka fara musu magungunan raunin zuciya nan take, irin su enalafiril, sama da kashi 80 cikin 100 sun farfaɗo, wasu gaba ɗaya, mafi yawa wani ɓangare. A wani aikinta na 2010 ta nuna cewa idan aka fara magani cikin wata biyu, kusan biyu cikin uku suna warwarewa, idan kuwa aka wuce wata shida babu wanda ya koma daidai. Wannan ya sauya tsohon zaton cewa ɓarnar ba ta da gyara. Tana da gyara, amma tana da lokaci. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fitar a 2022 suka ce a yi wa kowa hoton zuciya kafin a fara wannan magani, a maimaita cikin wata goma sha biyu bayan an gama, a fi yawaita wa mai haɗari, a daidaita hawan jini da suga, a kuma yi tunanin deksrazoksan ko nau'in maganin da aka lulluɓe cikin ƙwayoyin kitse ga wanda za a ba shi da yawa. Babu man wolnot a cikin jerin.

Na san abin da mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai ce, kuma ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi: waɗancan ƙa'idoji na masu hali ne. Mu nan mace takan iso asibiti ƙari ya riga ya fashe, an sayar da akuya da fili kafin a sayi maganin zagaye na uku, deksrazoksan kuwa sai dai a ji sunansa. Da babu gara ba daɗi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma ban ga laifinsa ba. Amma halin da muke ciki ƙara wa maganata ƙarfi yake yi. A 2020 an kiyasta sama da mata 28,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, kuma suna fitowa ne daga al'ummar da kusan uku cikin goma na manyanta ke da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Ga kuma raunin zuciyar da ke biyo bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka bayyana a Zariya tun shekarun 1970, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya ci gaba da bibiyarsa, kuma nazarin Sakkwato da Kano ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari, abin da ya sa yankinmu cikin mafi yawa a duniya. Mace mai shekara arba'in da ta haifi bakwai tana iya zama a kujerar kemo da zuciyar da ta riga ta gaji, ba ita ba, ba likitanta ba, babu wanda ya sani sai an duba. A irin wannan mace hoton zuciya ɗaya kafin a fara yana iya sa a canza mata magani gaba ɗaya. Man wolnot kuwa kaya ne da ake shigowa da shi da dala, kuma cikin mayuka yana daga masu saurin lalacewa a zafi da haske. Kwalbar da ta yi watanni a kan kanta a zafin bazara, abin da ke cikinta ya riga ya yi irin tsatsar da aka saye shi don ya hana. Kuɗin 'yan kwalabe na wata shida, da an tara su, sun kama hanyar biyan hoton zuciya da maganin hawan jini.

Wasu daga cikin matakan ma ba sa cin ko sisi. Majinyaci a ƙasarmu yakan fara kemo a wannan asibiti, kuɗi su yanke, ya koma gida, ya sake farawa a wani gari bayan shekara, fayil ɗin farko kuwa ya ɓata. Likita na biyu ba shi da hanyar sanin jimillar jan maganin da ya riga ya shiga jikinsa, alhali wannan lamba ce ta fi komai nuna haɗari. Kati ɗan ƙarami da za a rubuta kwanan wata da adadin kowane zagaye, majinyaci ya riƙe shi a jakarsa kamar katin rigakafin yaro, ya fi duk wani mai tsare zuciya. Cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa da ke Abuja da asibitocin koyarwa suna iya mayar da shi dole gobe. Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya kamata ya lissafa hoton zuciya na kafin kemo da na bayansa a matsayin ɓangaren maganin kansa, domin wanda aka warkar da ƙarinsa aka bar shi da zuciyar da ba ta ɗaukarsa, rabin aiki aka yi masa. Su kuma 'yan uwa masu jinya, a gaya musu alamun tun ranar farko da harshen da suke ji: kumburin ƙafa, haki a aikin da da ba ya sa haki, tari da dare, kasa kwanciya rigingine. Duk wanda ya ga ɗaya, ko da shekara ta wuce da gama kemo, ya koma asibiti ya ce an taɓa ba shi jan magani.

Ina jin tsoron abu ɗaya a rubuta irin wannan, shi ne wata ta karanta ta ce ashe kemo zuciya yake kashewa, ta gudu. Lambobin da na kawo ba haka suke cewa ba. Tara cikin goma na majinyatan Milan zuciyarsu ba ta raunana ba, na goman kuma yawanci an ceto shi, sankarar da aka bari ba magani kuwa ba ta barin tara cikin goma. Wanda yake son wolnot kuma yake da halin saye ya ci ƙwayarta a matsayin abinci, ya gaya wa likitansa duk abin da yake sha, har da na kantin magungunan Musulunci da na mai ganye, ba tare da jin kunya ba, likitan kuma ya saurara ba tare da tsawa ba. Idan kuma masananmu suna ganin akwai wani abu a cikin wannan mai, ƙofa a buɗe take. A kudancin Najeriya akwai wata gyaɗa mai baƙin ɓawo da ake dafawa ana sayarwa a bakin titi, Yarabawa suna ce mata asala, Ibo kuma ukpa. Ba dangin wolnot ba ce ko da yake ana kiranta da sunan, kuma manta ya fi na wolnot yawan omega-3 nesa ba kusa ba. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Ibadan suna da likitocin kansa da na zuciya da majinyatan da za su isa a raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu man a ba wasu wani mai dabam ba tare da kowa ya san nasa ba, a yi musu hoton zuciya kafin kemo da bayan wata shida da bayan shekara, a kuma ƙirga a wane gida ƙari ya fi dawowa.